Ɗigon da ya hana Yaya tashi

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Yau ma motar ta sake yi mini. Na tsaya gidan mai a hanyar dawowa, minti goma bai cika ba, na murɗa makulli sai ta tashi da ƙafa uku: jijjiga, tari, salansa na harbi. Na yi kusan mil biyu kafin silinda ta huɗu ta farka. Karo na uku ke nan cikin wata guda, kuma kullum salon ɗaya ne. Da sassafe, inji na sanyi ƙalau, bugu ɗaya take tashi. Sai ta yi zafi, an kashe ta, ta ɗan huta, sannan misin ya fara.

Ga wanda bai san ta ba, MGB GT ce ƙirar 1972, mai rufin ƙarfe, daga masana'antar Abingdon da ke kusa da Oxford. An yi ta ƙera MGB daga 1962 zuwa 1980, fiye da rabin miliyan, shi ya sa har yau kayanta ba sa wahalar samu a nan Ingila. Injin 1798 cc ne, silinda huɗu, kafireta biyu ƙirar kamfanin SU, da batir biyu masu bolt shida-shida a ɓoye ƙarƙashin kujerar baya. Uwargida kuwa "Yaya" take ce mata, wai tunda ta girme ta kuma ta fi ta samun lokacina.

Na zargi kwayil. Na zargi kondensa har na canza ta a banza a watan jiya. Na zargi fetur, na ce ko zafi ne ke tafasa shi a bututu. Yau dai da na iso gida ban shiga ciki ba, na ɗaga bonet na tsaya da tocila ina jira. Abin da ya fara zuwa ƙamshi ne, wani zaƙi-zaƙi kamar ana dafa alewa. Sai na ga ɗigo ɗaya, shuɗi-shuɗi, ya faɗo a kan murfin distirbuta, na'urar da ke raba wa fulogai wuta, ya gangara tsakanin wayoyin fulogi. Na ɗaga tocila sama. Bawul ɗin hita ne, wanda ke sakin ruwan zafin inji zuwa hita, zaune daidai saman distirbutar, ƙasansa ya yi fari fat da wani busasshen abu kamar kanwa.

Wata guda ina neman matsalar wuta, ashe matsalar ruwa ce.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Kafin in sayi komai sai na san daga ina ruwan ke fitowa, don wuri uku ne zai iya zama: bakin tiyon da ke ɗauke ruwa zuwa hita, ko gaskit ɗin da ke tsakanin bawul da kan silinda (tof, in ji kanikawanmu), ko cikin bawul ɗin kansa. Na wanke wurin tas, na busar, na barbaɗa hodar jarirai har ya yi fari. Na tayar da inji na bar shi sai da tiyon sama ya yi zafi, alamar tamostat ya buɗe. Ko ɗigo babu. Na kashe, na jawo kujera.

Wajen minti biyar sai ga wani siririn layi ya tsaga hodar. Ba daga tiyo ba, ba daga gaskit ba, daga ƙarƙashin murfin ƙarfen da hannun bawul ke jiki. Robar ciki ta huje ke nan.

Dalilin da ya sa sai an kashe inji take yi, shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa. Lokacin da inji ke aiki, famfo na juya ruwa, fanka na hura lagireto, zafi na fita. Da ka kashe, famfo ya tsaya, fanka ta tsaya, amma ƙarfen tof da bulok na nan da zafinsu, suna ci gaba da ɗura shi cikin ruwan da ba ya motsi. Matsi sai ya hau na ɗan lokaci, ya fi yadda yake a kan hanya, ya nemi wuri mafi rauni. Daga nan ɗigon ya sauka kan murfin distirbuta, wutar da ya kamata ta je fulogi ta bi danshi ta tafi inda ta ga dama. Kafin safiya zafin inji ya busar da komai, ta tashi lafiya, ni kuma in ce ta warke.

Tunanin matsi ne ya sa na duba murfin lagireto, abin da ban taɓa yi ba tun da na sayi motar. Murfin nan ba rufi kaɗai yake yi ba, shi ke riƙe matsi don kada ruwa ya tafasa da wuri. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya a digiri 100 yake tafasa, amma ƙarƙashin matsin fam 10 sai ya kai wajen 115. MGB na farko murfin fam 7 gare su, na shekarun tawa fam 10, na ƙarshe-ƙarshe su ne masu 15. Na goge nawa da tsumma: 15. Wani cikin waɗanda suka riƙe ta kafin ni ya ɗora mata murfin da ba nata ba. Ba zan ce shi ya huda robar ba, tsufa ya huda ta, amma ƙarin rabin matsi a kan tsohuwar roba ai tura mai jin barci ne kan tabarma.

Da yamma na kira Kawu a Kaduna. Rayuwarsa duk a ƙarƙashin Peugeot ya yi ta, tun zamanin da aka fara harhaɗa 504 a garin a 1975, kuma ba ya yarda akwai ciwon mota da bai taɓa gani ba.

"Hita? Kai ɗan nan, zaman Turai ya ɓata ka. Cire tiyo biyun, ka haɗa su baki da baki, ka ɗaure da kilif, ka sa rigar sanyi. Mu nan har tamostat muke cirewa mu jefar."

Na ce, "Allah ya ƙara girma, Kawu, ai ba don ɗumin jiki kaɗai ba ne. Gilashi ne. In sanyi ya shigo, numfashinka ma ya isa ya rufe shi da raɓa, in ba iska mai zafi ba ka ganin gabanka."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To wannan kuma magana ce."

Ko da ma na so bin shawararsa, ba za ta yi aiki a wannan motar ba. Bawul ɗin a jikin tof yake ɗaure, ruwa na isa gare shi kafin ya isa kowane tiyo. Ko ka cire hitar gaba ɗaya ka jefar, yoyon na nan, sai dai ka cire bawul ɗin ka toshe ramin da farantin ƙarfe.

Laraba, 9 ga Oktoba

Kaya sun iso: sabon bawul, gaskit, murfin fam 10, tiyon hita guda biyu masu faɗin rabin inci, kilif huɗu, da galan na maganin hana ruwa daskarewa. Shuɗin na saya, irin na da, wanda ake canzawa duk shekara biyu. Jan nan ko ruwan hoda da motocin zamani ke sha, masu tsofaffin motoci na guje masa, saboda lagireton tagulla da dalmar da aka liƙe shi da ita. Sabon bawul ɗin hannunsa na da tauri kaɗan. Na ajiye shi a kan firij, uwargida ta mayar da shi gareji.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na ce wa uwargida aikin awa ɗaya ne. Na shiga gareji bayan karin kumallo, kiran Magariba a waya ne ya fito da ni.

Lagireton ba shi da famfon zubarwa, don haka tiyon ƙasa na cire, ruwa ya zubo cikin roba, rabinsa a hannun rigata. Launinsa ba shuɗi ba, ba ja ba, kamar ruwan kududdufi a ƙarshen damina. Na juye shi a jarka na rufe nan take. Maganin nan zaƙi gare shi kuma guba ne, kyanwar maƙwabta kuwa ba ta da aiki sai sintiri a garejina. Jarkar wurin karɓar shara na hukuma za ta, ba kwata ba.

Akwai mazubar ruwa a jikin bulok, ɓangaren dama can baya. Na kwance ta, ko ɗigo bai fito ba. Na sa waya na yi ta tsokana, sai ga laka, sai ga tsatsa gari-gari, can sai ruwa ya ɓalle. A nan ya kamata in gane abin da ke jirana a sama.

Na cire murfin distirbuta bayan na sa wa wayoyin lamba da salatif. Na san tsarin wutar 1-3-4-2 ne, amma na taɓa yarda da ƙwaƙwalwata na sha kunya. Na rufe distirbutar da leda, na kwance wayar da ke jan hannun bawul, na tsaga tsohon tiyo da wuƙa don ya zama itace, ba ya murɗuwa.

Sai noti biyun da ke riƙe da bawul. Motar nan awon inci take amfani da shi, kan notin 7/16 ne, wato milimita 11 da ɗan ɗoriya. Sifana 11 na yi kamar za ta shiga, kuma wannan "kamar" ɗin ne ke cinye kan noti. Na farko ya fito ba musu. Na biyu ya ɓuya a bayan jikin bawul, soket ba ya isa, sifanata kuma ta yi kauri. Ga shi ƙarfe ne ya ratsa alminiyon ya zauna shekaru cikin danshi, sun zama abu guda. Na fesa man kwance tsatsa, na sha shayi, na sake fesawa. Dattijon da ke maƙwabtaka da ni, wanda ya yi aikinsa a masana'antun mota na nan Coventry har ya yi ritaya, ya leƙo ta katanga, ya kalli abin da nake yi, ya tafi bai ce uffan ba. Ya dawo da wata tsohuwar sifana 7/16 da aka goge gefenta a dutse har ta yi siriri. Ya ce in fara ɗaurewa kaɗan kafin in kwance, in yi gaba in yi baya. Haka na yi ta yi, kwata-kwatan juyi, zuciyata a wuya, don in notin nan ya karye a cikin tof, garin gyaran gira na rasa ido. Ya fito, zarensa fari da gishirin alminiyon.

Na ɗan buga bawul ɗin da ƙotar guduma ya faɗo hannuna, na haska ramin da ke jikin tof. Ramin da ya kamata ɗan yatsa ya shiga, tsatsa da laka sun cike shi sun bar wata kafa da ƙyar tsinken tsire zai wuce. Allura ta tono garma. Shekara uku ina shan sanyi a motar nan ina cewa haka hitar tsofaffin motoci take.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ba dole ba ne, amma ba na iya jefar da abu ban ga cikinsa ba. Na ɗaure tsohon bawul a bais. Gida biyu ne: gangar alminiyon da murfin ƙarfe, an murɗa su sun sarƙe da juna kamar yadda ake sa ƙwan fitila, sannan aka buga ribit guda don kada su warware. Na huda ribit ɗin, na murɗa, ya buɗe.

Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Faifan roba ne, kamar fatar kalangu, da sanda a tsakiyarsa. In ka murɗa maɓallin zafi a dashbod, waya ta ja hannun bawul, hannun ya hau wani ɗan gangare a jikin murfi ya ɗago sandar, robar ta janye daga bakin rami, ruwan zafi ya wuce zuwa ƙaramin lagireton da ke cikin akwatin hita. In ka mayar, robar ta koma ta toshe. Wato roba ɗaya ke aiki biyu: ita ce ƙofa, ita ce kuma bangon da ke tsakanin ruwan inji da waje. Ranar da ta tsage babu wani abu a bayanta.

Tawa ta bushe ta yi tauri, ta tsage daidai inda take lanƙwasa, tsagar ba ta fi tsawon ƙwayar shinkafa ba. Na tuna a ƙarshen Agusta na murɗa maɓallin don gwaji bayan ya yi wata biyar a rufe, na ji ya cije, na sa ƙarfi. Lissafin ya yi daidai da lokacin da misin ya fara. Daga yanzu ko a tsakiyar bazara zan riƙa buɗe shi ina rufewa lokaci-lokaci.

Asabar, 19 ga Oktoba

Wanki. Na kankare ramin tof da ƙaramar sukundireba da waya, injin shara na zuƙe abin da ke faɗowa don kada ya koma ciki. Hitar kuma ban cire ta ba, duk wanda ya taɓa fitar da akwatin hitar MGB ya san dalili. Tiyon ban-ruwan fulawa na sa mata ta baya, wato ta inda ruwa ke fita, don datti ya koma ta hanyar da ya shigo. A hankali na buɗe famfo, domin ƙarfin ruwan gida ya ninka abin da hitar ta saba ɗauka, ana iya fasa ta. Bokiti uku na jan ruwa kafin ya fara fitowa garau. Haka na yi wa bulok da lagireto.

Na kankare tsohon gaskit, na sa sabo, na ɗora sabon bawul, sababbin tiyo, sabon murfi. Ta sha lita biyar da rabi da ɗan wani abu, rabi magani rabi ruwa. Ta tashi bugu ɗaya. Na aika wa Kawu hoto.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na yi saurin aika hoto.

Zagaye na mil goma, na dawo, na kashe, na jira. Ɗigo. A wuri ɗaya, kan murfin distirbuta ɗaya. Na rufe bonet na shiga gida. Uwargida ta kalli fuskata ta ce, "Yaya ba ta huce ba?" Ban amsa ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Kwana huɗu ina zagin sabon bawul a zuciyata, har na rubuta wa mai kayan saƙo ban aika ba. Gara da ban aika ba. Na koma ga hoda, kuma wannan karon layin ba daga murfi ya fito ba, daga gaskit ne, ta gefen notin nan mai wuyar kai.

Na rage ruwa zuwa ƙasa da tof, na sake cire shi. Na shafe fuskar bawul ɗin da baƙar maka, na shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashin wani tsohon firam, na goga sau biyar. Baƙin ya goge a kunnuwa biyun da noti ke shiga, tsakiya kuwa yana nan daram. Fuskar ba a miƙe take ba, ta ɗan yi baka. Ko haka ta zo, ko ni na lanƙwasa ta, Allah masani, amma na san abin da na yi ranar Asabar: na ɗaure noti mai sauƙi tamau har ƙarshe, sannan na koma ina lallaɓa mai wuya. Alminiyon ba ya yafe irin wannan. Na kuma sami ɗan ɓarɓashin tsohon gaskit a jikin tof, ƙasa, inda ido ba ya kai wa sai da madubi. Biyu cikin uku dai laifina ne.

Na ci gaba da gugar, da ɗan ruwa a kan samfefa, ina zagayawa ina juya bawul ɗin a hannu don kada gefe ɗaya ya fi cinyewa, ina sake shafa maka. Minti ashirin kafin baƙin ya goge ko'ina lokaci guda. Na bi fuskar tof da reza da madubi har farcena ya daina jin komai. Sabon gaskit, shafin man liƙi siriri a fuska biyu, ɗan giris mai jan ƙarfe a zaren noti saboda wanda zai kwance shi nan gaba. Na ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, da yatsa biyu a kan sifana.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Daren jiya aka mayar da agogo baya da awa guda, duhu zai fara shiga tun biyar ba ta yi ba. Na yi amfani da awar a kan waya. An fi yin kuskure a nan: a ɗaure ta yadda bawul ba ya rufuwa duka, ka gasu da rani, ko ba ya buɗewa duka, ka daskare da hunturu. Na sa maɓalli a rufe, na tura hannun bawul har ƙarshen rufewa, sannan na ɗaure. 'Yata ta zauna a ciki tana murɗawa ina kallo daga waje. Da farko hannun na tsayawa saura kaɗan ya kai ƙarshe, sai na matsa rigar wayar a cikin maƙalinta, na ɗiga mata mai. Yanzu yana zuwa bango zuwa bango.

Iska ta maƙale a hitar, tiyon shiga da zafi, na fita da sanyi. Na ɗaga gaban motar, na buɗe bawul duka, na sassauta tiyon fita har ya yi tsaki ya tofar da ruwa, na mayar. Can sai na ji daga ciki, "Baba, ƙafata na ƙonewa!"

Na naɗe farar takarda na cusa ƙarƙashin bawul. Zagaye, kashewa, jira. A bushe.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mako biyu, tafiya shida, takarda a bushe, ruwa bai ragu ba. Yau muka bi hanyar A45 zuwa baje kolin tsofaffin motoci da ake yi duk Nuwamba a cibiyar baje koli ta NEC da ke Birmingham, ni da dattijon maƙwabcina. Da muka fito gilashi ya yi fari da raɓa, kafin mu bar unguwa ya fara washewa daga ƙasa. Ya miƙa tafin hannu wajen ƙafarsa ya gyaɗa kai, wanda a wurinsa doguwar magana ce.

A rumfunan 'yan gwangwan na ga bawul irin nawa na asali, a kwalinsa na da, ba a taɓa ɗaurawa ba. Na juya shi a hannu na daɗe. Ƙarfensa ya fi na sabon kyau, hannunsa na tafiya sumul. Amma robar da ke ciki ta yi shekarun da tawa ta yi, a kwali kawai ta yi su, na mayar da shi. Gaskit biyu na saya da sifana 7/16 ta hannu, wadda zan goge gefenta in mayar wa dattijo tasa.

Mun tsaya shan shayi a hanyar dawowa, minti goma sha biyar, daidai irin tsayuwar da ke tayar mata da ciwo. Ta tashi da ƙafa huɗu. Fankar hitar dai na wani ƙara kamar an sa tsakuwa a gwangwani, kuma sai na kai hannu cikin akwatin nan da na yi ta gudu. Da an fara zuba gishiri a titi zan shigar da ita gareji, sai in duba. Kawu ya turo saƙon murya yana tambaya ko tamostat ɗin na nan ban cire ba.